Yadda ake juya awon da aka maimaita daga ginshiƙai zuwa layuka a SPSS, Stata da R

Duk wanda ya taɓa zama a wurin da ake kula da yara masu tamowa ya san fasalin katin yaro. Lambarsa a sama, sannan ga gurabu a jere, kowane mako da nasa. Ma'aikaciyar lafiya za ta ɗora yaro a sikeli, ta naɗa masa tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore a dantse, ta duba ko ya fita daga ja, wato ko ya kai santimita 11.5, ta rubuta. Mako mai zuwa ta sake rubutawa a gurbin da ke kusa. Ranar da ɗalibi mai bincike ya zo kwashe bayanan zuwa Excel, haka yake kwafe su: yaro ɗaya layi ɗaya, awon kowane mako kuma da ginshiƙinsa. Wannan shi zan riƙa kira tsarin faɗi.

| lamba | jinsi | nauyi1 | nauyi2 | nauyi3 |
|---|---|---|---|---|
| 1 | mace | 6.1 | 6.4 | 6.8 |
| 2 | namiji | 7.0 | | 7.5 |

Alƙaluman misali ne kawai. Abin da muke so shi ne kowace ziyara ta samu layinta, lambar yaro tana maimaituwa. Wannan shi ne tsarin tsawo. Juyawa daga faɗi zuwa tsawo za mu yi a manhajojin nazarin alƙaluma uku: SPSS, Stata da R.

| lamba | jinsi | ziyara | nauyi |
|---|---|---|---|
| 1 | mace | 1 | 6.1 |
| 1 | mace | 2 | 6.4 |
| 1 | mace | 3 | 6.8 |
| 2 | namiji | 1 | 7.0 |
| 2 | namiji | 2 | |
| 2 | namiji | 3 | 7.5 |

Me ya sa za a wahalar da kai? Dubi yaro mai lamba 2. Mahaifiyarsa ba ta kawo shi a mako na biyu ba, ƙila aikin gona ya riƙe ta, ƙila ruwa ya cinye hanya. Idan ka bar bayanan a faɗi ka yi nazarin Repeated Measures da ke ƙarƙashin General Linear Model a SPSS, za a cire yaron nan gaba ɗaya saboda gurbi ɗaya tak, awonsa biyu masu kyau su tafi a banza. Hanyoyin da ke iya amfani da duk awon da aka samu, irin su Mixed Models da GEE, a tsawo suke karɓar bayanai. Haka `xtset` da `mixed` a Stata, haka `lme4` da `ggplot2` a R. Ko hoton layin girman kowane yaro kake son zanawa, da tsarin tsawo ya fi sauƙi.

Juyawar kanta ba ta cin minti ɗaya. Aikin yana gabanta da bayanta, kuma can ne nake so mu fi daɗewa.

Mataki na farko: shirya fayil ɗin

Ajiye kwafi da wani suna daban kafin komai. SPSS da Stata duka suna sauya bayanan da ke buɗe a gabanka ne kai tsaye, idan kuma ka danna ajiya bisa kuskure, tsohon fasalin ya tafi.

Sai lambar yaro. Dole kowane layi ya kasance da lambar da babu mai irinta. Inda aka fi samun matsala shi ne idan an haɗa rajistar wurare biyu ko uku, kowanne kuma ya fara ƙirga daga 1. A tsarin faɗi ba za ka ga illar ba, tunda kowa yana layinsa. Da zarar an juya, yaro mai lamba 14 na wannan wuri da mai lamba 14 na wancan sun zama mutum ɗaya a idon manhaja. Maganin shi ne ka haɗa lambar wuri da ta yaro: 1014 da 2014. A SPSS ka shiga Data, ka zaɓi Identify Duplicate Cases. A Stata ka rubuta `duplicates report lamba` ko `isid lamba`. Stata kan ƙi juyawa idan lamba ta maimaitu, wannan taimako ne babba. SPSS da `pivot_longer` na R ba sa tsayawa su tambaye ka, juyawa kawai suke yi, don haka binciken yana wuyanka.

Na uku, sunayen ginshiƙai. Tun ran gini tun ran zane. A ba kowane awo gindi ɗaya, lambar ziyara a ƙarshe: nauyi1 zuwa nauyi8, dantse1 zuwa dantse8, rana1 zuwa rana8. Kada a samu nauyi1, sai Nauyi_2, sai wt3. Ni ba na sa haruffa masu lanƙwasa a sunan ginshiƙi. Kauye nake rubutawa maimakon ƙauye, saboda fayil yana yawo daga wannan manhaja zuwa waccan kuma ba ko'ina harafin ke isa lafiya ba. A bayanin ginshiƙi sai ka rubuta Hausarka cikakkiya.

Akwai wani tarko da ya shafi masu sa suna da Hausa musamman. Idan kana da ginshiƙin nauyin haihuwa ka kira shi nauyin_haihuwa, ka lura cewa shi ma da nauyi ya fara. Umarnin da ke cewa a ɗauki duk abin da ya fara da nauyi zai haɗa da shi, ya mayar da shi wata ziyara. Kira shi haihuwa_kg ka huta. Haka ranar da aka karɓi yaro: kira ta shiga, kada ka ce rana_shiga.

Na huɗu, abin da ke cikin gurabun. Idan wani ya rubuta "bai zo ba" a cikin nauyi4, ginshiƙin gaba ɗaya ya zama na rubutu, ba na lissafi ba, kuma umarnin juyawar da za mu yi amfani da su ba za su yarda su jera shi ƙarƙashin sauran ba. Share rubutun, ka buɗe wani ginshiƙi don irin wannan bayani. Idan an yi amfani da 99 ko 999 a madadin gurbin da babu awo, mayar da su wofi tun yanzu. A SPSS wannan yana da muhimmanci sosai, domin sabon ginshiƙin yana gadon bayanansa ne daga ginshiƙi na farko a jerin. Idan a nauyi5 kaɗai aka ayyana 999 a matsayin babu, bayan juyawa zai zama yaro mai kilo 999, ya ja matsakaicin nauyi sama.

Na ƙarshe, ɗauki biro da takarda. Rubuta yawan yara, yawan ziyara, ka ninka. A ce yara 120 ne, ziyara 8: layuka 960 kake jira. Fitar da matsakaici da yawan awon kowane ginshiƙi, nauyi1 har nauyi8, ka ajiye a gefe. Za mu dawo kansu.

Mataki na biyu: juyawa a SPSS

Shiga Data, ka zaɓi Restructure. Zaɓi na farko, Restructure selected variables into cases, shi ne namu. Shafi na gaba zai tambaye ka rukuni nawa za a juya. Muna da nauyi, dantse da rana, saboda haka ka zaɓi More than one ka rubuta 3. Mutane da yawa suna barin sa a One su zuba komai wuri ɗaya, sai nauyi da dantse su cakuɗe a ginshiƙi guda.

A shafi na uku, wajen Case Group Identification, ka zaɓi Use selected variable ka saka lamba. Idan ka bar shi a Use case number, SPSS zai ƙirƙiro tasa lambar daga jerin layuka, wadda ba za ta dace da katin da ke asibiti ba ranar da kake son komawa ka duba wani awo. A ƙarƙashin Target Variable za ka ga trans1. Goge shi ka rubuta nauyi, ka zuba nauyi1 zuwa nauyi8. Sauko da jerin ka zaɓi trans2, ka mayar da shi dantse, haka trans3 ya zama rana. Jinsi, kauye da shiga su tafi Fixed Variables, tunda ba sa sauyawa daga mako zuwa mako.

A nan zan ɗan tsaya. SPSS ba ya karanta lambar da ke ƙarshen suna. Matsayi yake bi: abin da ka fara sakawa shi ne ziyara ta 1, na biyu ziyara ta 2. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini aikinta na makonni goma sha biyu, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, yaran nan suna ƙiba sosai a mako na biyu zuwa na huɗu, sai su rame a na biyar. Ko abincin ne yake daina aiki?" Har ta rubuta shafi biyu tana neman dalili. Muka buɗe akwatin tare. Manhajarta tana jera sunaye bisa haruffa, don haka bayan nauyi1 sai nauyi10, nauyi11, nauyi12, sannan nauyi2. Ta zaɓe su duka ta tura a haka. Nauyin mako na goma ya zauna a gurbin na biyu, kuma babu wani jan rubutu da ya fito ya gargaɗe ta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, awonta lafiya lau yake, jerin ne kawai. Tun daga ranar ba na wuce wannan shafi sai na karanta jerin kowane rukuni daga sama har ƙasa da yatsa.

Kuma dole rukunan su zama tsawonsu ɗaya. Idan ba a auna dantse a mako na uku ba sam, ƙirƙiri ginshiƙin dantse3 wanda babu komai a ciki ka saka shi a wurinsa. In ba haka ba SPSS ba zai yarda ya juya ba.

Shafi na huɗu da na biyar na ginshiƙin ziyara ne: zaɓi One, sannan Sequential numbers, ka sauya sunan Index1 zuwa ziyara. A na shida za a tambaye ka yadda za a yi da makon da babu awo ko ɗaya. Zaɓi Create a case in the new file domin lissafinka na 960 ya fito daidai. A shafin ƙarshe ina ba da shawara ka zaɓi a liƙa maka umarnin a rubuce maimakon a aiwatar nan take. Zai yi kama da wannan:

```
VARSTOCASES
 /MAKE nauyi FROM nauyi1 nauyi2 nauyi3 nauyi4 nauyi5 nauyi6 nauyi7 nauyi8
 /MAKE dantse FROM dantse1 dantse2 dantse3 dantse4 dantse5 dantse6 dantse7 dantse8
 /MAKE rana FROM rana1 rana2 rana3 rana4 rana5 rana6 rana7 rana8
 /INDEX=ziyara(8)
 /KEEP=lamba jinsi kauye shiga
 /NULL=KEEP.
```

A rubuce kuskuren jeri ba ya ɓuya, kuma ranar da mai duba aikinka ya ce a gyara awon yaro ɗaya, sai ka gyara a asalin fayil ka sake kunna umarnin. Masu son taƙaitawa da `nauyi1 TO nauyi8` su kula: kalmar TO tana kwasar duk abin da ke tsakanin ginshiƙan biyu a fayil. Idan jerinka nauyi1, dantse1, rana1, nauyi2 ne, za ta haɗa da dantse da rana.

A Stata

Layi ɗaya ne:

```
isid lamba
reshape long nauyi dantse rana, i(lamba) j(ziyara)
```

Harafin `i` na wanda aka auna ne, `j` kuma sunan sabon ginshiƙin ziyara. Stata yana karanta lambar da ke ƙarshen suna, saboda haka matsalar ɗalibar nan ba ta tasowa. Duk ginshiƙin da ba ka ambata ba ana ɗaukarsa tsayayye, a maimaita shi a kowane layi. Bayan umarnin zai nuna maka ɗan tebur mai cewa layuka sun tashi daga 120 zuwa 960. Karanta shi, kada ka wuce. Idan ka ga sanarwar cewa ba a sami dantse3 ba alhali ka san akwai shi, to an rubuta sunan ba daidai ba, ga shi can zaune a gefe bai juyu ba.

Idan ƙarshen sunayen kalmomi ne, kamar nauyi_farko da nauyi_karshe, ƙara `string` bayan `j(ziyara)` ka ba da gindin a matsayin `nauyi_`. Haka idan lambobin suna da sifili a gaba, irin nauyi01: yi amfani da `string`, sannan `destring ziyara, replace`. Idan lambar tana tsakiya, kamar z1nauyi, alamar @ ce ke nuna wurinta: `z@nauyi`. Bayanin da ka rubuta wa kowane ginshiƙi ba ya biyo juyawar, sai ka sake sa shi da `label variable`.

A R

Kunshin tidyr ya kawo `pivot_longer` a 2019, ya maye gurbin `gather` da har yanzu ake gani a tsofaffin darussa.

```
library(tidyr)
dogo <- pivot_longer(yara,
  cols = matches("^(nauyi|dantse|rana)[0-9]+$"),
  names_to = c(".value", "ziyara"),
  names_pattern = "([a-z]+)([0-9]+)",
  names_transform = list(ziyara = as.integer))
```

A nan `yara` sunan bayananka na faɗi ne, `dogo` kuma na sabon tsarin tsawo. Sirrin yana wajen `.value`. Cewa yake ɓangaren farko na suna ya zama sunan ginshiƙi, na biyu ya shiga ziyara. Idan babu shi, duk awon zai taru wuri ɗaya, R kuma ya ƙi haɗa kwanan wata da kilo. Layin ƙarshe yana mayar da ziyara lamba. In ka manta shi za ta zauna a matsayin rubutu, a hoto kuma 10 ta zo kafin 2. Wanda Excel kaɗai gare shi, akwai Unpivot Columns a Power Query, yana yin aikin idan awo iri ɗaya ne. Masu tattara bayanai da KoboToolbox kuwa, idan sun gina ziyara a matsayin rukuni mai maimaituwa, a tsawo take sauka a shafinta daban, abin da ya rage shi ne haɗa ta da babban shafi.

Mataki na uku: tantancewa

Ɗauko takardar nan. Layuka 960 ne? Idan sun gaza, an zubar da makonnin da babu awo. Idan sun wuce, wani ginshiƙi ya shiga rukunin da ba nasa ba. Sannan fitar da matsakaicin nauyi bisa ziyara: Compare Means a SPSS, `tabstat nauyi, by(ziyara) stat(n mean)` a Stata. Matsakaicin ziyara ta 5 dole ya zama daidai da na nauyi5 da ka ajiye, har lambobin bayan ɗigo, yawan awon ma haka. Yi wa dantse irin wannan. Daga nan ka zaɓi yara uku, ɗaya daga farko, ɗaya daga tsakiya, ɗaya mai gurabun wofi da yawa, ka bi layukansu kana kwatantawa da katinsu na takarda idan yana hannunka. Minti goma ne.

Ziyara ba lokaci ba ce

Lambar ziyara tana gaya maka jeri ne kawai. Yaron da aka kawo kowane mako, ziyararsa ta huɗu tana kwana 21 da shiga. Wanda aka yi fashin mako biyu da shi, idan ma'aikaciya ta rubuta a gurbi na gaba ba tare da tsallakewa ba, ziyararsa ta huɗu tana kwana 35. Idan ka ɗauke su lokaci ɗaya, ka ba yaro na biyu saurin girman da bai yi ba. Shi ya sa muka juyo da rana tare da nauyi. Yanzu lissafa kwanakin gaske:

```
SPSS:  COMPUTE kwana = DATEDIFF(rana, shiga, "days").
Stata: gen kwana = rana - shiga
R:     dogo$kwana <- as.numeric(dogo$rana - dogo$shiga)
```

Wannan yana aiki ne idan manhajar ta san ginshiƙan kwanan wata ne. Duba mafi ƙanƙanta da mafi girman kwana. Idan ka ga lamba ƙasa da sifili, ko kwana 200 a shirin makonni takwas, yawanci kwamfutar da aka shigar da bayanan tana kan tsarin Amurka, ta karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris alhali 3 ga Afrilu ake nufi.

Abin da ya sauya a lissafinka

Layuka 960 ba yara 960 ba ne. Idan ka nemi yawan maza da mata a sabon fayil, kowane yaro za a ƙirga shi sau takwas. Teburin farko na rahotonka, mai jinsi da shekaru da ƙauye, daga fayil ɗin faɗi za ka fitar da shi, ko ka tace layukan ziyara ta 1 kaɗai. Na sha ganin gwajin chi-square, mai kwatanta yawan mutane tsakanin rukunai, da aka yi a kan tsarin tsawo, sakamako ya fito da ƙarfin da ba shi da shi, saboda manhaja ta zaci mutane dabam-dabam ne.

Haka wajen babban nazari. Awon yaro ɗaya na makonni takwas 'yan gida ɗaya ne, suna kama da juna, dole ka sanar da manhaja. A SPSS, Analyze, Mixed Models, Linear, ka saka lamba a akwatin Subjects. A Stata `mixed nauyi kwana || lamba:`. A R `lmer(nauyi ~ kwana + (1 | lamba), data = dogo)`.

Su kuma layukan da babu awo, kada ka yi saurin share su. A shirin tamowa gurbin wofi yana da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai yaron da ya warke aka sallame shi a mako na biyar, akwai wanda aka tura kwanciya a asibiti, akwai wanda aka daina kawowa, akwai wanda Allah ya yi wa rasuwa. A ginshiƙin nauyi duk wofi ne iri ɗaya. Idan waɗanda suka warke suna fita da wuri, waɗanda suka rage a mako na takwas su ne masu jinkirin murmurewa, sai matsakaicin nauyi ya yi kamar ya tsaya ko ya sauka alhali shirin yana aiki. Juya bayanai ba ya gyara wannan. Ka riƙe ginshiƙin sakamako a cikin tsayayyun ginshiƙai, ka fitar da teburin yawan yaran da aka auna a kowace ziyara da dalilin fitar sauran, ka sa shi a rahoton kusa da hoton girman. Bayan ka yi wannan teburin ne za ka iya share su, a Stata ka rubuta `drop if missing(nauyi) & missing(dantse)`.

Idan wata rana ka buƙaci komawa faɗi, SPSS yana da `CASESTOVARS`, wanda ke son a fara jera fayil bisa lamba da ziyara. R yana da `pivot_wider`. A Stata `reshape wide nauyi dantse rana kwana, i(lamba) j(ziyara)` ne, kuma lura na ƙara kwana a jerin: duk sabon ginshiƙin da ke sauyawa daga ziyara zuwa ziyara sai an ambace shi, in ba haka ba Stata zai tsaya ya ce ba tsayayye ba ne a cikin lamba.